Ƙofar Wa Zan Buga In Sha Ruwa?

Manomin Dukku:

Assalamu alaikum. Jiya jarka huɗu na saya a hannun 'yan garuwa, na dawo gida raina a ɓace. Maimakon in huce a kan iyali, sai na huce a kan takarda. Mai amsa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai aiko da hadari da tsawa,
Salati ga Manzo ba gajiyawa,
Sannan in koma batun ruwa.

Rani in ya tsaya a Dukku,
Guga kan sauka har sau uku,
Manyan Abuja, ina ruwanku?
Tambaya ce, don nan babu ruwa.

'Yata kan tashi tun da asuba,
Tulu a ka, littafi ba ta duba,
Malam ya kira suna, bai ji amsa ba,
Tana can a layin 'yan garuwa.

An zo da injin haƙa, an ɗau hoto,
An yanka ƙyalle, an kai rahoto,
Muka koma gida cike da zato,
Wata uku famfo ya bar kawowa.

Kowace jiha tana da minista,
Gombe ma an ba ta nata,
Tambayata ɗaya ce, ku amsa ta:
Ƙofar wa zan buga in sha ruwa?

Ɗan Kumo:

Hamma, na ji kukanka, sannu,
Amma ka bi zancen a sannu,
Abuja ba ta naɗe hannu,
Aikin gwamnati sai da jurewa.

Je madatsar Dadin Kowa ka sha kallo,
Wannan aiki ne, ba zanen allo,
Megawat 40, ba wasan ƙwallo,
Garin Gombe daga can yake shan ruwa.

Ga Kolmani inda aka gano mai,
A 2022 Buhari ya zo, kun gani sarai,
Tsakaninmu da Alkaleri ne dai,
Arziki na tafe, ku bar gaggawa.

Ɗan gida in ya hau kujera,
Addu'a ake masa, ba harara,
Ba a bin sa da tone-tone da ƙara,
Ka tona asirin naka, wa ke rufewa?

Manomin Dukku:

Ƙanena, megawat ba ya cika randa,
Man Kolmani ba a dama shi da kunun gyaɗa.

Adda Ungozoma, Nafaɗa:

Kuna ta ruwa da mai. Ni zan sauya amsa-amo in kai ku ɗakin haihuwa.

Ku ba ni wuri, ku mazan zaure,
In ba ku labarin tsakar dare.

Na daɗe ina karɓar haihuwa a ƙauye,
Daga ni sai almakashi sai zare.

Wuta babu, sola ta mutu tun bara,
Tocilar waya nake cizawa in daure.

Firjin rigakafi ya koma akwati,
Ba sanyi a ciki, ƙofarsa a ɗaure.

Ran nan aka kawo wata a amalanke,
Jini na zuba, ƙarfinta ya ƙare.

Na rubuta a kai ta babban asibiti,
Motarmu na kan duwatsu, tayoyi an zare.

Ɗan acaɓa ya ɗauke ta, miji a baya,
Suka bi hanyar da ambaliya ta share.

Allah Ya yi da sauran shan ruwanta,
Ta dawo, amma ita da ɗan ba sa tare.

Ɗan Kumo, kai da ka ce a yi addu'a,
Mun yi, muna yi, mun gaji da a jure.

Na ji an ce akwai asusu a Abuja,
Na asibitocin ƙauye, doka ta ware.

Ni dai ban iya karatun kasafi ba,
Baba Hedimasta, zo ka warware.

Baba Hedimasta, Deba:

'Yata, Allah Ya saka miki, Ya ba uwar yaron haƙuri. Asusun da kika ji gaskiya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso kan sauka har asusun asibitocin da aka zaɓa a gundumomi. Ki fara tambayar mai kula da naku ko yana cikin jerin. Sauran ga shi a waƙe. In ma'aunin ya yi ɗingishi, ku ɗora wa tsufa.

'Ya'yana ku matso ku ji doka,
Kukan da ba adireshi ɓarnar kuka,
Gwamnatin nan hawa uku ce duka,
Kowane hawa da kayan da ya ɗauka.

Rijiyar ƙauye da ɗakin magani,
Firamare, da hanyar fito da amfani,
Na ciyaman da gwamna ne, ku sani,
Kansila kuwa na nan bayan gidanka.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta zauna,
Ta ce kason ƙaramar hukuma ya bar hannun gwamna,
Ya tafi kai tsaye, kowa ya gani ya auna,
Je sakatariya ka ji ko ya sauka.

Kuɗin gyaran firamare na can a ajiye,
Abuja ba ta sakinsa ya iso ƙauye,
Sai jiha ta zuba nata, a haɗa a juye,
Na riƙe alli shekara 35, na san haka.

Minista kuwa ba ƙuri'arka ta kai shi ba,
Shugaban ƙasa ya zaɓa, dattawa suka duba,
Ba ka iya kayar da shi, tunda bai tsaya ba,
Amma igiyarsa na hannun wakilinka.

Sashe na 67 na tsarin mulki,
Ya ce in majalisa ta kira shi kan aiki,
Dole ya zo ya yi bayani daki-daki,
'Yan majalisa kuwa shukar hannunka.

Sashe na 88 ya ba su bincike,
Su buɗe fayil ɗin da ke a liƙe,
Su ga kuɗin rijiya wa ya ɗauke,
In sun yi gum, ka san mai cin amanarka.

Akwai kuma dokar 2011 ta neman bayani,
Ka rubuta wa ma'aikata, kai ko ni ko wani,
Kwana 7 aka ba su su nuna ka gani,
In sun ƙi, kotu na jiran ƙararka.

Ɗan Ningi:

Gombawa, ku ba yayanku wuri. Kafin 1996 ai a ɗakinmu kuke kwana.

Baba, dokarka ta yi daɗi a baki,
Amma zo Ningi in nuna maka Kafin Zaki.

Tun Shagari na mulki aka soma madatsar,
Kakana ya yi murna, ya ce ga ruwa ga aiki.

Ya ce jikokinsa za su yi noman rani,
Alkama da shinkafa, su sai da jaki su sai doki.

Soja suka zo aka tsai da kwangila,
Aka sake tayarwa, aka sake kulle ɗaki.

Kakan ya rasu, babana ya yi furfura,
Ni ma ga ta nan tana leƙowa gefen baki.

Duk mai neman ƙuri'a sai ya ambace ta,
Amarya ce da kullum ake ɗaga mata biki.

Na san 'yan Yobe na tsoron a tare musu kogi,
To a zauna a faɗa mana, a bar mu da ja mana tsaki.

Ministoci kuwa Bauchi ba ta yi rashi ba,
Na ilimi daga Azare, wa'adi biyu ya yi a kan aiki.

A 2023 Misau ta sami na lafiya, Gamawa na harkokin waje,
Kowane naɗi mun yi kiɗa, mun cika dandali da dawaki.

Ɗan Kumo, ɗan gida ai shi ya fi dacewa da tambaya,
Ya san ramin hanyar, ba sai an zana masa a allon ɗaki.

Mu ne dai in babba ya zo gaisuwar Sallah,
Sai mu tare shi da kirari, mu haɗiye koke a ciki.

Kowa ya raɗa masa tasa: kuɗin asibiti, kuɗin suna,
Ba mai tuna madatsa in ambulan ya shiga aljihun ciki.

Ɗan Acaɓan Bajoga:

Baba Hedimasta, a gafarce ni,
Ni zan faɗi abin da ke ba mu kunya.

Ranar zaɓe ni na yi jigilar jama'a,
An cika mini tanki, an ba ni katan na taliya.

Wanda na kai wa ƙuri'a, yau in na kira,
Yaronsa ke ɗauka: oga na mitin, ya kashe waya.

To da wane baki zan ce ya kira minista,
Ni da na sai da bakin tun a kan hanya?

Layin dogo ya ratsa mu tun zamanin Tafawa Ɓalewa,
Yau awaki ke kwana a kai, ga ciyawa ga ƙaya.

A 2021 an ce za a gyara daga Fatakwal har Maiduguri,
Mu dai ƙarar da muke ji ta babur ce da fashewar taya.

Adda, irin matar da kika faɗa na sha ɗauka,
Ramin hanya ya fi naƙudar ba su wuya.

Ɗan Kumo:

Kun taru a kaina kamar ni na ci,
Ni ma ƙauyenmu duhu ne da ƙunci,
Adda, labarinki ya hana ni barci,
Na janye batun a yi ta jurewa.

Amma Baba, takarda na da haɗari,
Ka sa hannu yau, gobe ya zaga gari,
A ce ɗan adawa, a cire ka a jerin taki da iri,
Wa zai fara sa suna, ba janyewa?

Goggon Kaltungo:

Jikata ce ke karanta mini, ita ce kuma ke rubuta wannan. In ta ƙara gishiri, nata ne.

Ɗan Kumo, ɗana, tsoro ne ya kama ka?
Mu nan gonarmu ɗaya da gobe-da-nisa.

Har daga Taraba da Adamawa ake kawo wanda ta sara,
Asibitin Kaltungo ake nufa, ko da dare, ko daga nesa.

Wanda hanya ta yi wa kyau ya iso da ransa,
Wanda gada ta karye wa, sai a haƙa masa ƙasa.

Macen da ta tsallake kububuwa ta yi shuka,
Takardar ofis ce za ta sa ta fasa?

Takin da kake tsoron a hana ka,
Ni ban taɓa ganin buhunsa ba, ko daga nesa.

Ban yi boko ba, amma yatsan da na dangwala ran zaɓe,
Yana nan bai guntule ba, ku kawo tawada in sa.

Baba Hedimasta, Deba:

Goggo ta rufe bakin maza. Ɗan Ningi, taka ba ta da ruɗani: Kafin Zaki ta tarayya ce, tana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, ƙarƙashin ministan ruwa. Sanatanku ne zai sa a kira shi, ku kuma ku sa sanatan a gaba, ku bar ambulan ɗin Sallah. Kai kuma na Dukku, koma gindin famfon nan ka karanta allon da aka kafa: wace ma'aikata ta ba da aikin, wace shekara, wane ɗan kwangila. Ni zan rubuta takardar, hannuna bai manta ba.

Ba zagi a ciki, ba kirari,
Kwanan wata, da aiki, da sunan gari,
Nawa aka ware, wa ya karɓa tun fari,
Kwafi ɗaya gun wakili, ɗaya a aljihunka.

Manomin Dukku:

Baba, na je da sassafe na duba,
Allon ba ya nan, ban yi mamaki ba,
Mai shayi ya ga ba a yi amfani da shi ba,
Ya kare murhu daga iska mai busowa.

Na sayi kofi ɗaya, na ce a juyo shi,
Hayaƙi ya ci rabi, na kankare shi,
Aikin mazaɓa ne, ga tambari a kanshi,
Sunan ɗan kwangilar ne ke ɗan ɓacewa.

Na ɗau hoto, zan turo maka da yamma,
Goggo ce ta farko, sai ni, sai Adda Ungozoma,
Ɗan Kumo, mun bar maka layi na huɗu kai ma,
Yanzu bari in je in tari 'yan garuwa.