Yaya ake tsabtace fim ɗin silaidi kafin a sa shi a sikana?

Mai_Kyamara:
Assalamu alaikum. Ina da tsofaffin silaidi na 35mm, wasu Kodachrome wasu Ektachrome (nau'o'in fim na kamfanin Kodak), galibi cikin firam na kwali, kaɗan cikin gilashi. Akwai ƙura da shatin yatsa, wasu kuma da farin abu kamar yanar gizo-gizo. Da me zan goge su ba tare da na lalata hoton ba? Sifirit na asibiti zai yi?

Baban_Hoto:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye sifirit ɗin tukuna. Fara da gane fuskokin fim ɗin biyu. Ka karkata shi a gaban fitila: fuska mai sheƙi ita ce bayan fim, roba ce zalla. Wadda ta yi dishi-dishi ita ke ɗauke da hoton, cikin siririn shafe na jelatin. A Kodachrome har za ka ga zanen hoton ya ɗan yi tudu a wannan fuskar. Duk ɓarnar da ba ta gyaruwa a nan take faruwa.

Ka sa safar hannu ta roba marar hoda, ka riƙe silaidin ta gefen firam. Ka kifa shi, ka hura masa iska da famfon roba da ake matsawa da hannu, domin ƙurar ta faɗi ƙasa maimakon ta koma kansa. Kada ka hura da baki, yawu na manne ƙura a jikin jelatin. Iskar gwangwani ma ban yarda da ita ba: da ka karkata gwangwanin sai ruwan cikinsa ya feso ya bar tabo. Abin da iska ba ta ɗauke ba, sai burushi mai taushi, ka ja shi sau ɗaya zuwa gefe guda. Kullum iska ce kan gaba, don ƙwayar yashi ɗaya da burushi ya ja za ta karce hoton daga gefe zuwa gefe.

Daga nan ka yi sikan ɗinsa a yadda yake, kafin ka ɗiga masa komai. Idan gogewar ta ɓaci, kana da kwafi.

Hajiya_Taskar_Hotuna:
Kan batun sifirit: na asibiti 70% ne, sauran 30% ruwa ne, ruwa kuwa kumbura jelatin yake yi ya sa shi laushi har ƙyalle ya iya kwashe shi. Ka nemi wanda aka rubuta IPA 99% (wato sifirit na isopropyl) a kwalbarsa, ko PEC-12 da aka yi musamman don fim, tare da ƙyallensa PEC-PAD. Ɗigo ɗaya ko biyu a kan ƙyallen, ba a kan fim ba. Ka shafa a hankali sau ɗaya, ka juya wuri mai tsabta, ka bari ya bushe da kansa. Idan ka ga wani farin hazo ya rage, ka zuba da yawa ne. Sabon busasshen ƙyalle zai ɗauke shi. Ka fara da fuska mai sheƙi, sau da yawa dattin a can yake. Shatin yatsa da ya shekara kuwa ya riga ya ci jelatin, gogewa ba ta fitar da shi, sai gyara a kwamfuta.

Farin abin nan fumfuna ce, jelatin take ci. Inda ta ci, ruwa na iya narkar da wurin gaba ɗaya, don haka kada ka wanke irin waɗannan ko kaɗan. Sinadarin zai ɗauke zaren da ke sama, amma sawun da ta bari yana nan. Ka ware su, ka canja musu firam, domin kwalin na riƙe irinta. Wanda ka ji yana warin tsami irin na binega shi ma ka raba shi da sauran, robarsa ce ta fara ruɓewa, ka yi masa sikan da wuri.

Mai_Kyamara:
Na gode Hajiya. To sikanata tana da Digital ICE, tsarin da ke gano ƙura da hasken infared ya share ta daga hoton, ba zai wadatar ba? Na cikin gilashin fa?

Injiniya_E6:
A Ektachrome zai taimaka sosai, domin hasken infared na ratsa launukansa ya tsaya kan ƙura da karce kaɗai. A Kodachrome da fim baƙi-da-fari mai azurfa kuwa na'urar kan ɗauki sassan hoton a matsayin datti, sai ka ga gefunan abubuwa sun dagargaje. Ka kashe shi a kansu, ka dage da iska da burushi. A sikan mai 4000 dpi (ɗigo 4000 a kowane inci), gashi ɗaya kaurinsa ya kai fiksel 10 ko fiye.

Ina ƙara gargaɗi kan maganar Hajiya: wasu tsofaffin Kodachrome an shafe su da siririn banish, kuma sinadari na iya narkar da shi rabi-rabi ya bar zane. Ka gwada a kusurwar silaidin da ba ka damu da shi ba.

Na gilashi ka buɗe su. Gilashi na tara danshi, yana yin hazo daga ciki, yana kuma jawo zobban launi a sikan. Idan fim ya manne da gilashin kada ka fizge shi, ka yi sikan ɗinsa a haka. Waɗanda suka fito lafiya ka sa su a firam na roba marar gilashi. Bayan sikan ka adana su a ledar ajiyar hotuna marar robar PVC, inda danshin iska yake tsakanin 30% da 40%. Ya haura 60% fumfunar za ta dawo.