Shuri, Masassauci da Gammo: Neman Sunayen Hausa ga Sassan Bindiga

Malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe, akwai kalmomin Turanci uku da suke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka zo bayanin yadda ake tausasa bugun da bindiga take yi wa kafaɗar maharbi, wato "recoil" da "buffer" da "stock". Ga abin da nake gani ya dace, tare da dalilaina.

Ta farko ita ce tunkuɗar da bindiga take yi ta baya a daidai lokacin da harsashi da hayaƙin albarushi suka fita ta gaba, bisa ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana a 1687 cewa duk wani turi yana da martani daidai da shi ta ɗaya ɓangaren. Wasu suna cewa "ja da baya", amma wannan yana nuna tafiya cikin natsuwa, alhali abin da ake nufi bugu ne na farat ɗaya. Da "harbi" ta dace, tun da muna cewa dabba ta yi harbi, sai dai a zancen bindiga kalmar ta riga ta sami aikinta, kuma "harbin bindiga" ba zai taɓa nufin bugun kafaɗa a kunnen Bahaushe ba. Saboda haka na zaɓi "shuri": shurin bindiga, bindiga mai ƙarfin shuri.

A kan ta biyu ne nake so mu daɗe, domin a nan kuskuren suna zai haifar da kuskuren fahimta. A bindigogi samfurin AR-15, waɗanda suka samo asali daga aikin Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, akwai wani bututu a bayan bindiga wanda yake ɗauke da sifirin da kuma wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, kuma wannan dunƙulen shi ne "buffer". Idan aka yi harbi, hayaƙi yana tura maɗaukin sakata baya (wato ƙarfen da yake ɗauke da sakatar da take kulle harsashi a gurbinsa), shi kuma ya tura dunƙulen, sifirin ya matse, sannan ya dawo da su gaba su ɗauki sabon harsashi. A cikin dunƙulen akwai ƙananan nauyaye masu ɗan motsi, an raba su da faifan roba, kuma su ne suke hana sakata yin tsalle bayan ta rufe.

An kawo shawarar "rage-shuri", kuma ginin kalmar Hausa ne tsantsa, irin na "share-fage". Duk da haka ban goyi bayanta ba, saboda dunƙulen ba ya kawar da jimillar turin da harsashi da albarushi suka haifar. Abin da yake yi shi ne ya rage saurin maɗaukin sakata, ya shimfiɗa bugun a kan lokaci mai ɗan tsawo, har kafaɗa ta ji shi kamar turi maimakon naushi. Wanda ya ji "rage-shuri" zai ɗauka cewa ƙarin nauyi kullum ƙarin sauƙi ne, kuma ba haka abin yake ba. "Shakazoba" ta makanikai ta kusa, amma ta riga ta zama ta mota, kuma aikinta bai haɗa da ɗura harsashi ba. Ni dai na tsaya a kan "masassauci", daga "sassauta", bisa tsarin da ya ba mu "mabuɗi" da "magirbi".

Ga yadda kalmar take zama a cikin bayani. Masassaucin gajeren samfurin AR-15 na asali yana da nauyin kimanin giram 85, da nauyaye uku na baƙin ƙarfe a cikinsa. A samfurin H an musanya ɗaya da ƙarfen tangistin, wanda ya fi baƙin ƙarfe nauyi kusan ninki biyu da rabi, sai ya kai kimanin giram 108; H2 mai tangistin biyu yana kusa da giram 130, H3 kuma ya ɗan haura giram 150. Idan hayaƙi ya yi wa bindiga yawa, kwanson harsashi yakan faɗi ta gaba-gaba, shuri ya yi kaifi, kuma a nan masassauci mai nauyi yana da amfani. Idan kuwa nauyin ya wuce ƙarfin hayaƙin, maɗaukin sakata ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba, bindiga ta kasa ɗaukar harsashi na gaba, ko sakata ta ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe. Shi ya sa ake ƙara nauyi mataki-mataki, ana gwadawa da irin harsashin da za a riƙa amfani da shi.

Ta uku ba ta bukatar ƙirƙira, domin "gindin bindiga" yana bakin mutane tun tuni. "Ƙota" ta fi dacewa da abin da tafin hannu yake damƙa. Abin da ya rage shi ne robar da ake liƙawa a ƙarshen gindin, kuma ita nake so mu kira "gammo", domin kamar yadda gammo ba ya rage nauyin kaya sai dai ya baza shi a kan mai ɗauka, haka robar mai faɗi da taushi take baza shuri a kafaɗa. Gindi mai nauyi kuwa yana rage saurin da bindiga take komawa baya da shi, kuma tsawonsa dole ya dace da hannun maharbi ya zauna daram a kafaɗa, domin duk ratar da aka bari tana ba bindiga damar ɗaukar gudu kafin ta bugi jiki. A kuma lura cewa bututun masassauci kauri biyu ne, na ma'aunin soja inci 1.148 da na kasuwa inci 1.168, kuma gindin da aka yi wa na soja ba ya shiga na kasuwa.

"Maɗaukin sakata" da na yi ta amfani da shi a sama yana da ɗan tsawo a baki. Duk wanda yake da gajeren suna da ya fi shi, musamman daga cikin maƙera da tsofaffin sojoji, ina roƙonsa ya kawo mana shi tare da dalilinsa.