Tambaya kan aikin gonar inabi a Turai: ƙanena yana shirin sayar da injin ban-ruwansa ya tafi

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni manomi ne a Kadawa da ke ƙaramar hukumar Garun Malam, muna noman shinkafa da damina, da rani kuma mu yi tumatir da ruwan madatsar Tiga. Wani dillali ya shaida wa ƙanena cewa ana neman masu tsinkar inabi a Faransa, kuma idan ya biya kuɗin takardu zai tura shi ya yi aikin kaka a can, shi ya sa yaron ya fara neman mai sayen injinsa da 'yan tumakinsa. Mahaifinmu ya rasu, maganar tana wuyana, kuma ba na so in hana shi ba tare da hujja ba. Ina roƙon wanda ya san harkar ya bayyana mini yadda aikin yake a zahiri, da tsawon lokacinsa, da matsayinsa a addini tunda an ce giya ake yi da inabin. Idan kuma noman yana da riba haka, me zai hana mu gwada shi a nan gida?

Malamin Gona Haɗeja:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da ya kamata ƙaninka ya fahimta shi ne, tsinkar inabi ba cin rani ba ce irin wadda muka sani, inda mutum zai yi wata biyar ko shida a Legas ya dawo da abin sayen taki. A Faransa ana girbi ne daga ƙarshen watan Agusta zuwa Oktoba gwargwadon yanki, amma gona ɗaya takan gama nata cikin mako biyu ko uku, domin idan 'ya'yan suka nuna ba sa jira, ruwan sama ɗaya yana iya fasa su su ruɓe. Da wuya ladan 'yan makonni ya mayar masa da kuɗin da zai kashe a tafiyar, balle injin da ya sayar.

Sauran shekara ma akwai aiki, sai dai na mutanen gonar ne da suka ƙware. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da kurangar inabin ta zubar da ganye ta yi barci saboda sanyi, ana yi mata aski, wato a datse kusan duk rassan bara a bar ɗaya ko biyu da 'yan idanun tofo ƙidayayyu, kuma wannan askin shi ne ke yanke hukuncin yawan amfanin shekara, shi ya sa ba a ba baƙo almakashinsa. Da ta fara tofo sai a ɗaure rassa a jikin waya, a cire tohon da ba a so. A watan Afrilu raɓa mai daskarewa tana iya ƙone sabon toho a dare ɗaya, kamar yadda ta yi ɓarna mai yawa a 2021, har manoma suka riƙa kwana suna kunna wuta a tsakanin layuka. Da zafi ya shigo sai feshi da rage ganye.

Shi kuwa mai tsinka, yana fita tun da asuba da ƙaramin almakashi da bokiti, ya wuni a sunkuye ko a durƙushe saboda nonon inabin a ƙasa-ƙasa yake, ruwansa mai danƙo yana manne wa yatsu yana jawo zanzaro, wani kuma yana bin layi da babban kwando a baya ana juye masa. A wurare da yawa inji ne ke girbin yanzu. Amma yankin Shamfen na Faransa ƙa'idarsa ta wajabta tsinka da hannu, saboda haka yake ɗiban ma'aikata fiye da dubu ɗari kowace kaka, kuma a can ne a 2023 wasu masu tsinka suka rasu cikin tsananin zafi. A waccan kakar ta 2023 dai aka gano mutane fiye da 50, akasarinsu daga Afirka ta Yamma kuma ba su da takardu, an cusa su a wani ruɓaɓɓen gida marar tsafta, kuma a Yulin 2025 kotu ta yanke wa waɗanda suka ɗauko su hukuncin ɗauri bisa laifin safarar mutane. A dokar ƙasar, mai gonar ne ke neman wa baƙon ma'aikaci izinin aiki. Ka ce wa dillalin ya kawo sunan gonar da takardar kwantiragi, za ka ga yadda zai fara kame-kame.

Almajirin Ringim:

Allah ya saka wa malamin gona da alheri. Zan ɗan taɓa ɓangaren addini, ko da yake ya kamata a zauna da malamin garinku ya ji maganar daga bakin yaron. Inabi kansa halal ne, Alƙur'ani ya ambace shi cikin ni'imomin Allah, kuma nomansa domin a ci ɗanye ko a busar da shi ya zama zabibi sana'a ce mai kyau. Matsalar tana ga inda ake kai shi. Hadisin Anas ɗan Malik da Tirmizi ya ruwaito ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma game da giya, cikinsu har da mai matsa ta da wanda aka matsa dominsa da mai ɗaukarta da mai sayar da ita. Malamanmu na Malikiyya kuma sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, saboda faɗin Allah a Suratul Ma'ida cewa kada a taimaki juna a kan zunubi.

A irin gonakin da ake magana babu shakka game da manufar, domin irin da suke shukawa ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin ɓawo da ba a kai su kasuwar kayan marmari, kuma galibi wurin matsar yana cikin gonar ko kusa da ita. Wanda aka ɗauka tsinka ana iya tura shi ya juye akwatuna a bakin injin matsa, ko ya wanke manyan tankunan da ruwan ke tsima a ciki, aikin da ke da nasa haɗarin, domin iskar da tsimin ke fitarwa ba ta da launi, tana kwanciya a ƙasan tanki, kuma ta sha kashe ma'aikata. Baƙon da bai iya yaren ba, wanda kwanansa da abincinsa ke hannun mai gona, da wuya ya iya cewa wannan zan yi, wancan ba zan yi ba.

Mai Lambu Bagwai:

Ranka ya daɗe manomin Kadawa, ni tambayarka ta ƙarshe ce ta fi jan hankalina. Inabin ci yana yi a ƙasarmu, kuma ba sai an je nesa neman shaida ba, tunda manoman Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna sun daɗe suna nomansa, daga Kadawa kuwa tafiyar yini ɗaya ce a je a gani a dawo. Bambancinmu da Turai shi ne ba mu da sanyin da zai sa kurangar barci, saboda haka manomi ne ke tsara mata lokaci da almakashi. A Nashik ta ƙasar Indiya, inda zafinsu ya yi kama da namu, sau biyu suke aski: na watan Afrilu domin ta fitar da rassa masu ƙarfi, na Oktoba kuma domin ta yi fure, su girbe tsakanin Janairu da Afrilu. Wannan tsarin ya dace da mu, domin 'ya'yan za su girma cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe kuma dare ke da sanyi, ruwa kuma yana hannunmu ta hanyar ban-ruwa.

Sai dai a faɗi gaskiya, jarin farko yana da nauyi. Dole a kafa rumfa ta turaku masu ƙarfi da waya, domin itacen da ba a shafa wa magani ba gara za ta cinye shi kafin kurangar ta hau. Ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, don haka kwamin shinkafa bai dace da ita ba, sai jigawa mai tsotse ruwa. Da damina funfuna tana kama ganyenta, ka ga ɗigo rawaya kamar na mai a sama, ƙasan ganyen kuma fari-fari, kuma maganin jan ƙarfe da farar ƙasa da aka gano a Faransa tun shekarun 1880 har yanzu ana amfani da shi wajen feshinta. Idan ta fara nuna tsuntsaye da jemagu ba sa ɗaga ƙafa, sai an rufe da raga. Kada kuma ku sa ran kuɗi a shekarar farko. Maganin nan da ake shafa wa idanun reshe bayan aski domin su tofo tare guba ne mai ƙone fata, kada yaro ya taɓa shi babu safar hannu.

Ɗan Kasuwa Na'ibawa:

Ina girmama bayanin mai lambu, amma kafin a kafa rumfa a fara tunanin mai saye. A kasuwar 'Yan Lemo inabin Afirka ta Kudu marar ƙwallo, wanda ke zuwa cikin roba da sanyinsa, shi masu kuɗi ke nema, na gida kuwa yakan zo da ƙwallo, wani lokaci da tsami saboda an yi gaggawar tsinke shi. Inabi ba kamar mangwaro ko ayaba ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi, kuma idan babu sanyi kwanaki kaɗan yake yi ya fara zubewa daga nononsa. Wanda zai bar nasa ya nuna sosai, ya tsinka da sanyin safiya, ya jera a ƙananan kwali maimakon buhu ko kwandon tumatir, zai samu kasuwa, musamman idan girbin ya faɗo cikin azumi.

Manomin Kadawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa ƙanena bayananku a gaban kawunmu, kuma an tsayar da maganar sayar da injin har sai dillalin ya kawo takardar kwantiragi da sunan gonar. Muna da wata 'yar jigawa a bayan gari da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma mun shirya zuwa Kudan mu ga rumfunan da idonmu. Mai lambu, don Allah a wane wata suke aski a can, domin mu je daidai lokacin mu ga yadda ake riƙe almakashin, kuma shin a wurinsu ake samun dashen ko yankan reshe suke sayarwa?