Shawarwari ga Mai Neman Abokan Gwagwarmayar Daina Shan Giya a Jidda

A wata tattaunawa da Hausawa mazauna Jidda suka yi kan yadda mai son daina shan giya zai samu abokan tafiya, mafi yawa sun nuna cewa tun da an haramta giya a Saudiyya a 1952, tsoron hukuma da kunyar idon jama'a kan sa mashayi ya ɓoye damuwarsa, shi ya sa ba a tallata tarurrukan masu neman daina shan giya a fili.

Shawarar da ta fi nauyi ita ce a fara ganin likita, domin wanda ya daɗe yana sha sosai, idan ya yanke lokaci guda, yana iya fuskantar karkarwa, farfaɗiya ko ruɗewa cikin kwana biyu zuwa uku. An ambaci layin Ma'aikatar Lafiya, 937, da cibiyar Irada mai kula da masu fama da shaye-shaye, wadda a da ake kira Asibitin Al-Amal, inda ma'aikata za su iya haɗa mutum da masu murmurewa irinsa.

Wasu sun kawo ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu taimakon juna wajen daina shan giya, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana kuma gudanar da tarurruka ta intanet da Larabci da Turanci, inda sunan farko kaɗai ake faɗa. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada a yanke hukunci daga zama ɗaya, a gwada wasu tukuna.