Dan Allah ku ba ni shawara: ina so in yi ɗan lambu a tsakar gida, amma bara na sha wuya

Mai neman shawara, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masu sanin harkar shuka ku taimaka min. Muna da ɗan fili a bayan kicin, bai fi taku 6 a tsawo da taku 4 a faɗi ba, rabi siminti rabi ƙasa, kuma rana na dukansa tun hantsi har la'asar. Bara a watan Maris na ga wasu bidiyoyi na Turawa a YouTube suna cewa yanzu ne lokacin shuka, sai na ɗauki zafi na sayo irin tumatir da latas da karas, na sa yara suka kwaso min kashin kaji daga keji na zuba na shuka. Wallahi latas ko tsirowa bai yi ba, karas ya fito kamar gashi ya bushe, tumatir ɗin ne ya ɗan yi kai har ya yi fure gwanin sha'awa amma furen duk ya kaɗe, ko ƙwaya ɗaya ban ci ba, ga kuɗin 'yan garuwa da na ɓarnatar, har yau maigida in ya so tsokanata sai ya ce Hajiya a tsinko mana tumatir a gona mana. Toh yanzu ga Afrilu ya kama kuma raina bai fita ba, don kayan miya sun isheni da tsada. Me zan shuka? Ta ina zan fara? Ko dai in haƙura?

Wani dattijo manomin rani, daga Kura:
Wa alaikumus salam 'yata. Ba hannunki ne ba shi da kyau ba, lokaci kika saɓa. Su waɗanda kika kalla a watan Maris sanyi ne yake sakinsu, mu kuwa a Maris ne zafi yake kama mu, a Afrilu har maki 40 yana kaiwa a nan Kano. Tumatir in zafi ya wuce misali, musamman in dare ma ba ya sanyi, fure yake zubarwa ko da kin shayar da shi madara. Mu nan Kura da Kadawa da Garun Malam da muke noman shi da ruwan Tiga, reno muke yi wajen Satumba zuwa Oktoba in damina ta ja baya, bayan sati 3 zuwa 4 mu yi dashe, ya girma cikin sanyin hunturu, shi ya sa kike ganin kwando ya yi araha a Janairu da Fabrairu. Latas da karas da kabeji duk 'yan sanyi ne su ma. Ki ɗaure irinsu a leda ki ajiye a inda ba zafi sai Oktoba.

Abin da za ki shuka yanzu shi ne wanda zafi bai dame shi ba: kuɓewa, alayyahu, rama, yakuwa, lalo, zogale. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, ki sa ƙwaya 3 a rami, in sun fito sun yi ganye ki cire raunanan ki bar ɗaya ko biyu. Wajen kwana 50 zuwa 60 za ki fara tsinka, kuma in ta fara kar ki bari ta wuce kwana 2 ba ki leƙa ba, nan da nan take ƙosawa. Alayyahu kuwa irin nan ƙanana ne kamar ƙwan kifi, ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa don kar ya taru wuri ɗaya, sati 3 zuwa 4 kin fara yanka.

Wata 'yar uwa daga Zariya:
Baba ya gama magana, amma Anti ni kashin kajin nan ne ya tsaya min a rai 😂 ɗanye fa kika zuba! Ai shi kaɗai ma ya isa ya ƙone komai, nima haka na yi farkon farawata ganyen ya yi ruwan ɗorawa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ki tara shi a lungu, ki haɗa da busasshen ganye ko buntun shinkafa, ki yayyafa ruwa ki rufe da buhu, duk sati ki juya shi da shebur. In kin tura hannu ciki kika ji ɗumi toh bai yi ba tukuna, sai ya huce ya yi baƙi warin ya tafi ya koma ƙamshin ƙasa, ni dai nawa yakan ɗauki sati 6 ko fiye. In kina gaggawa ki nemi tsohon kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe.

Ɓangaren simintin kuma ba asara ba ne, buhu za ki yi. Buhun shinkafa ko na taki da aka wanke, ki naɗe bakin zuwa rabi, ki huda gindin da ƙusa wuri kamar 10 don ruwa ya riƙa fita. Ƙasa kwano 2, taki kwano 1, yashi kwano 1, haka nake awona. Sai dai ki ɗora buhun kan bulo ko katako, don simintin Afrilu da rana ko ƙafa ba ta iya takawa balle saiwa.

Wani matashi:
Ni dai tambayata ɗaya, akwai akuya a gidan? In akwai toh duk wannan bayanin ita ake yi wa 🤣

Mai neman shawara:
Akuya babu wlh, amma kaji 7 ne da ni, ga ƙadangaru kamar su suka biya kuɗin hayar gidan. Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Toh ya batun ruwa? Mu sai mun saya.

Wata uwa daga Katsina:
Ƙanwata ruwa dabara ne. Ni ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye kayan miya duk bokiti ɗaya nake tarawa, kuma yana isar buhuna 8. Wanda kawai ba na zubawa shi ne mai omo ko bilic da mai maiƙo. Ki yi ban ruwa da asuba bayan salla da kuma gab da magariba, a gindi ba a ka ba, sannan ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu, za ki sha mamakin yadda danshi ke daɗewa. Ƙadangaru da kaji kuma maganinsu tsohon gidan sauro, ki kafa sanduna 4 ki rufa, ya tsare miki su kuma ya rage ƙarfin rana. Sati biyun farko ne abin tsoro, in tsiron ya yi ƙwari ƙadangare ba ya kula shi sosai, kaji dai har abada ba amana.

Wani mai sayar da kayan noma:
Hajiya ki ɗan sa takin zamani NPK 15-15-15 bayan sati 2 da fitowa, murfin kwalba ɗaya kowane buhu, nesa da gindi kaɗan ki binne ki ba da ruwa. Kuma ki duba kwanan wata a jikin fakitin iri kafin ki biya, iri da ya sha rana a shago ba ya tsirowa.

'Yar uwar Zariya:
Malam batun kwanan wata gaskiyarka ne, amma takin zamani ga mai koyo a wannan zafin ni ina jin tsoro, hannu ya ɗan zarce shikenan an ƙone. In takin gargajiyarta ya ruɓe da kyau alayyahu ba ya buƙatar komai.

Mai sayar da kayan noma:
Alayyahu na yarda, kuɓewa a buhu kuwa in ta fara 'ya'ya abinci yana ƙare mata, ki gwada buhu biyu da taki biyu babu ki gani da idonki.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi:
Kar a manta zogala Hajiya. Ƙwaya 2 ko 3 jikin katanga sun wadatar da gida, amma in ya kai ƙugu ki datse kan, in ba haka ba zai miƙe sama kamar falwaya ki rasa mai tsinko miki ganye. In kuma kika ga ƙwari ƙanana sun manne bayan ganyen kuɓewa yana nannaɗewa, ki daka 'ya'yan dogon yaro, wanda ku kuke cewa darbejiya, ki jiƙa ya kwana ki tace, ki ɗan sa sabulun salo ki fesa da yamma.

Wata mazauniyar Ingila:
Na yi dariya da na ga batun bidiyo, don mu ɗin ma da muke nan a Maris a cikin ɗaki muke tsirar da tumatir bakin taga, ba mai fitar da shi waje sai ƙarshen Mayu saboda sanyin dare yana kashe shi. Ni kuma kuɓewa ce ta gagare ni shekara 3 kenan, ba ta samun zafin da take so. Anti mu yi musaya kawai 😭

Dattijon Kura:
Abu ɗaya na manta 'yata. In ruwa ya zauna a Yuni, ɓangaren ƙasar ki ɗaga shi ki yi kunya, kar ki bar shi kwance, don ruwan Agusta in ya kwanta a gindin shuka ruɓar da saiwa yake. Attaruhu ma a fara reno a inuwa tsakiyar Mayu, ki dasa da ruwan farko.

Mai neman shawara:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na sa yara sun kwashe kashin kajin mun tara a lungu mun rufe, na samo buhu 5 da tsohon gidan sauron da na so in yar, kuɓewa kuma tana cikin kofi a jiƙe. Irin tumatir na jefa shi a ƙasan durowa sai Oktoba in Allah ya kai mu. Baba saura tambaya ɗaya, rama da yakuwa zan iya haɗa su a buhu ɗaya ko kowa nasa?

Dattijon Kura:
Kowa nasa, rama ta fi ta tsawo za ta yi mata inuwa. Kuma ki jera buhun ramar can jikin katangar yamma, ta tare wa sauran ranar la'asar.