Neman shawara: da me zan haɗa FT-891 da kwamfuta don FreeDV?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da rediyon sadarwa Yaesu FT-891, ina son gwada magana ta FreeDV, manhajar aika murya ta dijital ta rediyo, a 14.236 MHz. Na sa kebul ɗin USB, kwamfuta tana juya mita lafiya lau, amma sauti ko kaɗan ba ya shiga rediyon. A cikin na'urorin kai sauti tsakanin kwamfuta da rediyo, SignaLink zan saya ko Digirig? Kuɗina na ɗaya ne kawai, ku taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Rediyonka lafiyarsa ƙalau. USB ɗin FT-891 umarni kaɗai yake ɗauka, ba shi da katin sauti a ciki irin na rediyon Icom IC-7300. Sautin ta kafar DATA mai fil 6 da ke baya zai bi. Kuma FreeDV katin sauti biyu yake nema: ɗaya na makirufo da abin kunnenka, ɗaya na rediyo. Na cikin laftof ya isa na farkon.

Wani tsohon hannu: Ƙanena, in da inbata ko janareto kake aiki, ɗauki SignaLink. Yana da taransifoma a ciki da ke raba kwamfuta da rediyo, shi ke hana gurnanin wuta bin waya ya hau kan siginarka. A magana ta yau da kullum kunne yana haƙuri da wannan gurnanin, amma a muryar dijital sai abokin hirarka ya riƙa jin kalmominka suna yankewa. Sauti ne ke sa SignaLink buɗe watsawa, don haka ka mayar da maɓallin DLY, na jinkirin rufe watsawa, ƙasa can. Ka kuma duba wayoyin cikinsa sun dace da FT-891, kowane rediyo da nasa jeri.

Amsa ta uku: Baba, da girmamawa, ni Digirig nake amfani da shi. Ɗan ƙarami ne, ya fi sauƙin kuɗi, kuma manhajar ce da kanta ke buɗe watsawa ta layin umarni na RTS, ba jiran sauti. Laftof a kan batir, zoben ferrite biyu masu rage ƙara a kebul, ban taɓa jin ƙara ba.

Tsohon hannu: Gaskiyarka, a kan batir. Kowanne dai ka saya, rage sautin har allurar ALC, mai nuna sauti ya yi wa rediyo yawa, ta kusa daina motsi, ka kashe kwamfuresan murya na rediyon. Yawancin siginonin da nake kasa fahimta, cika sauti ne ya ɓata su.

Mai tambaya: Inbata nake da shi, Baba, batirin laftof ɗin kuma ya mutu. SignaLink ke nan. Allah ya saka da alheri.