Fitilar keke da batirin 18650: me ke kashe ƙwan LED?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum malamai. Ƙwan LED mai wat 3 da aka haɗa kai tsaye da batirin 18650 guda (batirin litiyam ɗin nan mai caji), a matsayin fitilar keke, yana fara haske da ƙarfi, sai ya disashe, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Me ke jawo haka, kuma yaya ake haɗa shi ya jure tafiyar asuba a hanyar Wamakko?

Mai Gyaran Rediyo, Tsohuwar Kasuwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Laifin na haɗin kai tsayen ne. Batirin in ya cika bolt 4.2 yake bayarwa, ƙwan kuwa wajen 3.3 yake so, da wuta miliamfiya 700. Tunda babu abin da ke taƙaita wutar, sai ya zuƙi fiye da ƙarfinsa ya gasu daga ciki.

Hanya mai arha: ka sa rasista (ɗan abin da ke rage wuta) mai om 1, wat 2, tsakanin makunni da ƙwan. Aibinta, haske na raguwa yayin da batir ke sauka. Abin da ya fi shi ne AMC7135, ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan. Kowanne yana sakin miliamfiya 350 daidai, ka haɗa biyu gefe da gefe su ba ka 700. Batir mai 2500mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) zai kai ka wajen awa uku da rabi.

Sannan zafi. Ƙwan nan dole ya zauna kan farantin alminiyam, da ɗan man nan fari mai jan zafi a tsakaninsu, a ɗaure da kusoshi biyu. Kada ka manna shi da gam na bindiga, zafin ƙwan zai narkar da shi ya saki.

Injiniya Arkilla: Allah shi saka, Malam. Zan ƙara batun caji, don nan haɗarin yake. Ɗan Mabera, nemi ƙaramin allon cajin nan TP4056 mai kariya, wanda ke da B+ da B- na batir, OUT+ da OUT- na fitila. Marar kariya zai bari batir ya zube ƙasa da bolt 2.5, daga nan ya lalace. TP4056 yana caji da amfiya 1, kuma yana zafi sosai. In ka canja rasistarsa mai om 1,200 (1.2k) da mai om 2,000 (2k), cajin ya sauko wajen miliamfiya 580. Kashe fitilar lokacin caji, in ba haka ba allon ba zai gane batir ya cika ba.

Batirin litiyam ba ya son caji sama da digiri 45. A watan Afrilu da Mayu, keken da ya wuni a ranar Sakkwato ya wuce haka. Ka shigar da shi inuwa ya huce tukuna. Duk batirin 18650 da aka rubuta wa 9900mAh jabu ne. Na gaske ba ya wuce wajen 3500 sosai, nauyinsa kusan giram 45.

Bakanike, Runjin Sambo: Girgiza ma na kashe fitila. Kada a zuba dalma a kan batir, a sa shi a gidansa mai sifirin ɗin ƙarfe da ke danne shi, a naɗe da yankin tsohon tub don kada ya yi tsalle a gargada. Waya mai silili da yawa ake amfani da ita, mai ƙwaya ɗaya karyewa take a bakin dalma. Ramin caji kuma a toshe shi da roba saboda ƙurar hunturu, a karkatar da ƙwan ƙasa kaɗan don kada ya kashe wa masu babur ido.